Tukunyar Gwauro da Ciwon Suga

(Laccar da wani likita ya yi wa taron ma'aikata 'yan Arewa mazauna Abuja wata ranar Asabar. An rubuto ta daga faifan murya kamar yadda ta fito, gaisuwar manyan baƙi kawai aka taƙaita.)

Assalamu alaikum. Ana jina a baya? Alhaji, kai da ke jikin taga, kana ji? To madalla. Lasifikar nan sai an lallaɓa ta kamar amarya.

Shugaba ya ba ni minti arba'in, ya ce zai ɗaga min takarda idan saura goma. Allah ya ba shi haƙuri tun yanzu.

Bari in fara da ƙirga ku. Duk wanda iyalinsa ba sa garin nan, wanda daren jiya shi ya buɗe wa kansa ƙofa, shi ya kunna fitila, ya kwanta ba wanda ya ce masa sannu da zuwa, ya ɗaga hannu. Kar ku ji kunya. To ku waiga ku gani. Kun fi rabin ɗakin nan. Malam, lafiya ka ɗaga hannu biyu? Mata biyu, kuma duk suna Gusau? (dariya) To kai gwaurancinka har da lambar yabo.

Abu huɗu zan faɗa. Na ɗaya, abin da masu bincike suka gano game da zama kai kaɗai da ciwon suga. Na biyu, abinci. Na uku, kewa. Na huɗu, abin yi. In na manta ɗaya ku tuna min.

Ciwon sugan da nake magana a kai shi ne nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, shi ne kusan tara cikin goma na masu ciwon. A bayan tumbinka akwai wata 'yar gaɓa, mu muna ce mata fankiriyas, ita ke fitar da insulin. Insulin makulli ne. Abin da ka ci ya zama suga ya shiga jini, insulin ya buɗe masa ƙofofin jiki ya shiga ya zama ƙarfi. Idan kwaɗon ya yi tsatsa, makulli na nan amma ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai suga ya yi ta gantali a jini, yana cin jijiya, yana cin ido, yana cin ƙoda. Shi ke nan ciwon. A ƙididdigar 2021 manya miliyan 537 ne ke da ciwon suga, duk nau'o'insa, a duniya.

Shi wannan bincike na zama kai kaɗai, ba a nan aka yi shi ba, Turawa ne suka yi wa kansu, don su abin ya fi dama. A Jamus, cikin gida goma, wajen huɗu mutum ɗaya ne tal a ciki. A Amurka a 1960 gida 13 ne cikin 100 haka, yau sun kai wajen 28. Dole su tambayi kansu me wannan zaman ke yi wa jiki.

A wani gari na kudancin Jamus, Augsburg, ku yafe min in na karya sunan, an ɗauki maza da mata sama da 8,000, 'yan shekara 35 zuwa 74, ba mai suga a cikinsu, aka yi ta bibiyarsu wajen shekara 11. Sakamakon ya fito a 2009. Mazan da ke zaune su kaɗai, haɗarin kamuwarsu ya kusa ninka na masu zama da wani. Mata fa? Ba a ga bambanci ba. Hajiyoyi na ga kuna murmushi, ku dakata, ina zuwa kanku.

A Maastricht ta ƙasar Holan, 2017, mutum 2,861 'yan shekara 40 zuwa 75. Nan ma maza masu zama su kaɗai, yiwuwar a same su da ciwon ta haura ta sauran da kashi 94 cikin 100. Kusan ninki biyu ke nan kuma. Mata shiru.

Amma a Lund ta ƙasar Suwidin, tun 2005, an duba mata 'yan shekara 50 zuwa 64 waɗanda sugansu ya riga ya fara tangal-tangal. Masu zama su kaɗai sun fi faɗawa cikin ciwon. Da aka tona, sai aka ga yawancin bambancin daga sigari ne da giya da irin cimarsu. Wato ba bangon ɗaki ke tsatso suga ba. Abin da mutum ke yi a cikin ɗakin ne, da abin da ya daina yi tun da ba kowa.

Wannan ya kawo ni na biyu, kuma a nan zan ɗan zauna.

Ni ma na yi gwauranci. To, tuzuranci dai, kar malaman Hausa su kama ni, gwauro sai wanda ya taɓa aure. Shekarar da na yi bautar ƙasa, ɗaki ɗaya, katifa, risho, tukunya ɗaya da murfinta ya ɓata tun satin farko. Ina likita fa, na san komai a takarda. Na sayi buhun shinkafa ƙarami da niyyar girki. Wallahi har na bar garin ban ci rabinsa ba, ƙwari suka gaje shi. Me nake ci? Duk kun sani. Mai shayin bakin titi.

Ku bar ni in zana muku teburin, ko da yake wasunku daga can kuka taho. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Benci, fitila, gwangwanaye an jera kamar bene. Ka zauna ka ce a yi maka haɗin kauri. Ya ɗauko kofin nan na roba mai kama da ƙaramin bokiti, ya zuba madara, ya zuba garin koko mai zaƙi, shi kansa da sukarinsa ya zo, sannan ya kai cokali cikin sukari. Ɗaya, biyu, uku, ya ɗago ido ya dube ka. Kai kuma ka kawar da kai, wato a ƙara. Ya ɗaga kofi sama ya tsiyaya a ɗaya, ya mayar, har ya yi kumfa. Biredi rabi. Indomi biyu, ƙwai biyu, mai yana ƙyalli. Ka share, ka yi gyatsa, ka ce alhamdulillahi, minti ashirin kana kan katifa.

Kar wani ya je ya ce likita ya zagi masu shayi. Mai shayina mutumin kirki ne, har bashi ya ba ni. Ba laifinsa ba ne, abin da ka nema ya ba ka. Kuma dare ɗaya ba ya yin komai. Amma ku lissafa: biredi farin fulawa, indomi farin fulawa, shayi sukari. Duka ukun abu ɗaya ne a wurin jini, rigarsu ce kawai daban. Dare 300 a shekara, shekara takwas, shekara goma. Wane kwaɗo ne ba zai yi tsatsa ba?

Abin da gwauro ya rasa, in kun ce in faɗa da kalma ɗaya, miya ce. Miya. Namiji shi kaɗai zai iya dafa shinkafa, zai iya dafa taliya, zai soya ƙwai. Amma wa zai zauna ya gyara alayyafo, ya yanka kabewa, ya daka daddawa, ya kaɗa kuka, don bakinsa shi kaɗai? Ba ya yi. Ko ya iya ba ya yi. Ya sayo ganye na ɗari biyar, ya ci kwana ɗaya, NEPA ta ɗauke wuta, sauran ya ruɓe a firij, ya rantse ba zai ƙara ba. Sai ya koma kan abin da ba ya lalacewa: abin leda, abin gwangwani, abin kwali. Duk abin da ba ya ruɓewa a kan kanta, ku yi masa kallon tsanaki.

Me miya ke yi? Kun san bambancin ruwan sama a kan fako da ruwan sama a kan ciyawa. A fako, ruwa na sauka ya kwashi gudu ya yi ambaliya. A ciyawa, sai ya tsaya ya shiga ƙasa a hankali. Ganye da wake da dusar hatsi su ne ciyawar hanji. Zogale, rama, kuɓewa, kuka, yakuwa, wake, gero da dawa da ba a surfe su sun yi fari tas ba. Suna riƙe abinci, suga ya riƙa shiga jini kaɗan-kaɗan, fankiriyas ta yi aikinta cikin natsuwa. Farin biredi da lemon kwalba kuwa fako ne. Ambaliya ce sau uku a rana.

Tun da na ambaci lemo. Robar nan ta rabin lita da ake miƙo muku ta taga a cunkoson Nyanya da Mararaba, yawancinsu sukarin ciki ya kai wajen giram 50. Ƙwayar sukari goma sha biyu ke nan ko fiye. Wa zai iya zama ya tauna ƙwaya goma sha biyu a jere? Amma a ruwa mai sanyi, kafin a wuce gada an shanye. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babban mutum kar ya wuce wajen giram 50 na irin wannan sukarin a yini gaba ɗaya, in ma da hali ya tsaya a 25. Roba ɗaya ta cinye maka kason yini, ba ka kai ga mai shayi ba tukuna.

Sai lokacin ci. Gidan da akwai yara, tukunya tana da agogo. Dole a karya kafin makaranta, dole a sauke na rana, dole a tuƙa na dare, ko maigida na so ko ba ya so. Gwauro ba shi da agogo. Ya fita da asuba don ya riga cunkoso, cikinsa ba komai. Da rana biskit da lemo a kan tebur. Dare ya yi, yunwar yini guda ta taru, ya rama gaba ɗaya, ya kwanta a kai. Kuma ku lura da yadda yake ci. A tsaye, ko a bakin katifa, waya a hannun hagu. Ba hira, ba tsayawa. Ciki yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya aika wa kai cewa ya isa, shi kuwa kafin saƙon ya iso ya ga ƙasan tukunya. In ya dafa da yawa ma, wa zai bar wa? Zubarwa almubazzaranci ne, sai ya zuba a cikinsa.

Akwai hadisi, Malam Liman yana nan zai gyara min, cewa abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu. Haka ne ko, Allah gafarta Malam? Yana cikin Muslim, na gode. To ni likita sai na juya shi: in na mutum ɗaya yana isar biyu, shi wanda kullum yake cinye shi shi kaɗai, na mutum nawa yake ci?

Ina tuna ƙofar gidanmu muna yara. Bayan magariba a shimfiɗa tabarma, dattawan layi su fito, kowane gida a fito da kwano. Ciyayya. Gidan nan tuwon dawa miyar kuka, gidan can dambu da zogale, wancan fate, wancan wake da shinkafa. Mahaifina bai taɓa jin wani abu wai shi daidaitaccen abinci ba, amma a dare ɗaya yana sa hannu a kwano biyar, gida biyar suka haɗa masa. Kuma ba ka isa ka yi zari ba, ana kallonka. Ka kai loma uku a jere ba ka ce uffan ba, wani tsoho zai ce, wane, yau daga gona kake? Kunya kanta ma'auni ce. Mu yara muna gefe muna jiran a ce a ɗauke, saboda haka dole a rage. Yanzu ka zo Kubwa ko Lugbe, gida ɗaya gwauraye shida, kowa da rishonsa, kowa da makullinsa, kowa ya turo ƙofa ya ci indominsa. Mutum shida, tukunya shida, miya babu ko ɗaya. Da za ku haɗa kuɗi a tuƙa muku tuwo ɗaya da miyar ganye, wallahi da ya fi muku araha. Na faɗa wa wasu haka suka ce ai za a yi rigima a kan nama. To ku ƙirga naman mana! (dariya)

Shi ya sa nake ganin binciken Jamus da na Holan bai ga komai a mata ba. Ra'ayina ne wannan, amma ina da hujja. Mace ko ita kaɗai ce takan ɗora tukunya. Mijinta ya rasu, ba ta daina miya ba, kuma ba ta daina zuwa suna da biki da gaisuwa ba. Namiji kuwa, sau da yawa matarsa ce kicin ɗinsa, ita ce kuma hanyarsa ta zuwa wurin dangi. Ranar da ba ta nan, abu biyu ya rasa a lokaci guda.

Har uku ma. Ya rasa ido.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban da wannan ciwon. Suga yana iya shekaru yana yoyo mai ɗaki bai sani ba. A Afirka fiye da rabin masu ɗauke da shi ba su san suna da shi ba. Wa ke fara ganewa? Ku tambayi duk likitan da ke zama a ɗakin duba marasa lafiya. Matar ce za ta ce, likita, sau biyar yake tashi fitsari da dare, ba ya bari na yi barci. Ita za ta ce jarkar ruwan da muke kwana biyu da ita yanzu shi kaɗai yake shanyewa. Ita za ta ce wandonsa ya yi masa yawa, alhali cinsa ya ƙaru. Ita ke wanke banɗaki, ita ke ganin tururuwa. Shi kuwa yana zaune yana cewa ba komai, zafi ne, gajiyar aiki ce.

Na taɓa duba wani bawan Allah, ma'aikaci, shekara tara yana nan iyalinsa na gida. Sabon takalmi ya ji masa ciwo a ɗan yatsa. Bai ji zafi ba, don suga ya riga ya kashe jijiyoyin ƙafar. Yana sa safa yana tafiya ofis. 'Yarsa ce ta zo hutu, ta shiga ɗakin ta ce, Baba, wani abu na wari. Ta duba kwandon shara, ta duba firij, ashe ƙafar mahaifinta ce. Mun ceci ƙafar, yatsa biyu suka tafi. Da na tambaye shi yaushe rabon da wani ya ga tafin ƙafarsa, sai ya yi shiru yana lissafi.

Shugaba, wannan takardar ta mene ce? Saura goma? Subhanallahi. To na biyu... a'a, na biyu muka gama. Ido ne na uku? Ba shi ba ne, ido kyauta na ba ku. Na uku kewa.

A nan abin ya ɗan juya. A Ingila, wata mai bincike a Landan, Ruth Hackett, da abokan aikinta sun bi mutum 4,112 'yan sama da shekara 50 har tsawon shekara 12. 264 suka kamu. Sakamakon ya fito a 2020. Su abin da suka gani, zama kai kaɗai a karan kansa bai nuna wa zai kamu ba. Abin da ya nuna shi ne kewa, wato mutum ya ji a ransa ba shi da kowa. A Norwe kuma aka bi mutum 24,024 shekara 20, aka buga a 2022: waɗanda suka ce kaɗaici ya yi musu yawa ƙwarai, haɗarinsu ya ninka na waɗanda ba sa jin sa.

Kun ga Hausa ta riga ta raba su. Zama kai kaɗai daban, kewa daban. Akwai mai ɗaki ɗaya a Karu da ba ya rasa jam'i, yana da majalisa, duk layin sun san sunansa. Akwai kuma amaryar da aka kawo garin da ba ta san kowa ba, miji ya fita tun asuba. Akwai tsohon da ke tsakiyar 'ya'ya da jikoki ashirin, kowa kansa a sunkuye kan waya, yini guda ba wanda ya tambaye shi labari. Gida cike, shi kuwa shi kaɗai.

Ta ina kewa ke shiga jini? Jiki yana ɗaukar damuwa kamar hari ne. Sai ya saki wani sinadari, kotisol, aikinsa ya ce wa hanta ta zubo suga don a samu ƙarfin gudu ko faɗa. In kare ne ya biyo ka, ka gudu, ka ƙone sugan, magana ta ƙare. In kewa ce, ba inda za ka gudu, kana kwance kana kallon silin, suga na zuba, kitse na taruwa a tumbi, kwaɗo na ƙara tsatsa. Ga rashin barci. A Shikago a 1999 an hana wasu samari lafiyayyu barci, awa huɗu kawai a dare har dare shida. Cikin ƙasa da mako jikinsu ya fara kasa sarrafa suga yadda ya saba. Samari fa. Kai kuma kana kan waya har ƙarfe biyu don ba mai cewa kashe fitila. Sigari ma abokiyar hirar mai kewa ce, ita kuma tana ƙara haɗarin da kashi 30 zuwa 40 cikin 100.

Abin ya kai Birtaniya ta naɗa minista musamman don kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Mu a Kano Nalako muke da shi, shi ma da azumi kawai yake fitowa, ya ɗaure gwauro ya zaga gari da shi. (dariya) Gaskiya ɗaya dai: waɗannan binciken alaƙa suka gani, sun ga abu biyu na tafiya tare. Ba a raba mutane gida biyu an ce ku ku zauna ku kaɗai mu gani ba. Amma alaƙar ta maimaitu a ƙasa bayan ƙasa.

Na biyar, abin yi. Na huɗu? To na huɗu. Da sauri. A Amurka a 2002 an nuna masu dab da kamuwa, in suka rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, suka yi tafiya minti 150 a mako, haɗarin ya ragu da kashi 58 cikin 100. Finlan ta samu wannan adadin a 2001. Minti 150 ɗin nan, minti 30 ke nan sau biyar. Zumunci a ƙafa yake, to ga shi likita ya rubuta maka: taka ka je ka gai da wani, ka jefi tsuntsu biyu. Ka je masallacin da ya fi nisa kaɗan. Shayi a rage cokali. Ku yi ciyayya. Kuma ku yi gwaji, da safe kafin ku karya: in na'ura ta nuna 126 mg/dL ko sama, in an maimaita ya sake nunawa, ciwo ne, 100 zuwa 125 gargaɗi ne. 'Yan uwanmu na waje da na'ura, kyauta ne, amma wanda ya sha lemo a hanya ya faɗa musu gaskiya.

Tambaya? Ɗan samari, bismilla.

(Wani matashi ya tambaya ko ke nan aure ne maganin.)

Kai dai ka faɗi abin da ke ranka, kana son in rubuta maka takarda ka kai wa Baba. (dariya) A'a. Masu bincike a Kanada sun tattara bayanai a 2014, suka ga wanda abokin zamansa ke da suga, nasa haɗarin yana ƙaruwa da wajen kashi 26 cikin 100. Ba jini ɗaya ba, tukunya ɗaya. In tukunyar gidan malmala uku ce da lemo, ku biyu za ku zo wurina. Kuma mun san angon da ake cewa amarya ta iya kiwo, wata shida riga ta ƙi shiga. Hajiya, na ga hannunki tun ɗazu.

(Wata mata ta ce mahaifiyarta na da ciwon, ana yi mata allurar insulin, tana zaune ita kaɗai a gida tun rasuwar mahaifinsu, ta ƙi yarda ta dawo wurin 'ya'yanta. Kwanan baya maƙwabciya ta same ta da safe tana gumi tana surutai, aka ɗauka iska ce.)

Allah ya jiƙan Baba. Hajiya, wannan tambayar ta fi duk abin da na faɗa gaggawa. Shugaba, ajiye takardar nan.

Abin da kika kwatanta ya yi kama ƙwarai da faɗuwar suga, kuma ba iska ba ce. Duk yau ina maganar suga ya hau. Ga wanda ya riga ya kamu, yana kan allura, yana kwana shi kaɗai, abin tsoro na kusa shi ne ya faɗi. Hawa yana ɗaukar shekaru yana ɓarna, faɗuwa kuwa a dare ɗaya take yin ta. An yi allura, ba a ci abinci sosai ba, ko an ci ba a kan lokaci ba, ga tsufa, wataƙila ƙoda ta rage aiki. Suga ya sauka ƙasa da 70. Jiki ya hau rawa, gumi mai sanyi, zuciya na bugawa, yunwa, sai ruɗewa, sai surutai, sai suma. Insulin na yin haka, ƙwayoyin maganin suga irin su glibenclamide ma na yi. Metformin, shi ma maganin suga ne, shi kaɗai ba kasafai ba.

In tana cikin hayyacinta tana iya haɗiya, a ba ta sukari nan take: ƙwaya uku ko huɗu, ko cokalin zuma babba, ko rabin kofi na lemon kwalba. E, lemon da na gama zagi, yau ranarsa ce. A jira minti 15, a gwada in da na'ura, in bai hau ba a ƙara, in ta dawo daidai ta ci abinci sosai. In kuwa ta suma, kar a ɗura mata komai a baki, ko ruwa, ko rubutu, zai iya wucewa huhu. A kwantar da ita a gefenta, a nufi asibiti, a faɗa musu tana kan insulin tun daga bakin ƙofa.

Kar ku tsaya rigimar sai ta taso. Tsohuwa ba ta barin ɗakin mijinta da daɗi, kuma in kun ciro ta daga cikin ƙawayenta kun kawo ta bene a nan, kun raba ta da zama ita kaɗai kun haɗa ta da kewa. Ku nemi jika ko 'yar dangi mai hankali ta riƙa kwana da ita. Maƙwabciyar nan ku ba ta makulli ɗaya, ku koya mata abin da na faɗa yanzu. Sukari ya kwana a gefen gadonta, ba a kicin ba. Ku sa lokacin waya, bayan asuba da bayan isha, in ba ta ɗauka ba sau biyu a kira maƙwabciya, kar a ce ƙila tana salla. Kuma a mayar da ita wurin likitanta cikin makon nan, a gaya masa abin da ya faru, don mai yiwuwa allurar ta yi mata yawa. Kar ku rage da kanku, kar kuma ku daina.

Tana azumin Litinin da Alhamis? Na sani, ai duk haka suke. To wannan ma a faɗa masa, kar a ɓoye.

An kira salla ko? Hajiya, in an idar ki same ni a bakin ƙofa, ki kira gida a karanto mana sunan allurar da adadin da ake yi mata.